Fuskar Baha a Tsibirai Bakwai

Wata huɗu Baha'uddeen ya yi yana gyaran hanci ɗaya, kuma ba nasa ba, na mutumin da ya ƙera a cikin wasa. Yayarsa Hadiyya ce shaida. Kullum ta dawo daga shagon yadin da take aiki a bakin babbar kasuwa, sai ta same shi a gindin dogon yaron tsakar gidansu, ordinatar, wato kwamfuta, a cinya, yana dannawa yana tsaki.

"Yaya, zo ki ga rainin hankali," ya ce mata wata rana. "Farar fata kala goma sha takwas suka yi. Tamu kala biyu: ɗaya kamar toka, ɗaya kamar an shafa baƙin mai. Gashi kuwa ko na wutsiyar doki ko ƙwal kwabo. Su mutanen nan ba su taɓa ganin irinmu ba ne?"

"To ka bar musu wasansu mana."

"Ai ni ma wasana ne."

Sunan wasan da Faransanci yake, amma Baha ya ce ma'anarsa Tsibirai Bakwai, haka kuma kowa a gidan ke kiransa. Ta intanet ake shiga daga kowace ƙasa, kowa da mutuminsa, a haɗa ƙungiya, a yaƙi dodanni, a yi fatauci tsakanin tsibiran. Kafin ka shiga sai ka ƙera mutumin naka. Akwai wasu layuka da ake ja, wannan ya faɗaɗa hanci, wancan ya ɗaga kumatu, wani ya tura kunne waje. Yawancin mutane minti goma suke yi su wuce wurin faɗa. Baha ya ƙi wucewa.

A unguwar Zogona yake aiki, a shagon abokinsa Abduljalil, suna buga wa ɗaliban jami'a takardu suna yi musu fotokofi. Aikin ya koya masa haƙuri da ƙananan abubuwa. Ya gano cewa in ya ɗora launin ƙunar rana a kan tokar nan, ya ƙara kaɗan daga launin dauɗar yaƙi, fatar takan fito kusa da tasa. Gashin ne ya gagare shi, sai ya bar kan a aske, shi ma ya koma aske nasa. Akwai tabon da ya raba masa girar hagu biyu, wanda kwano ya yi masa yana shekara huɗu, ranar da suke kwashe kaya kafin a rusa gidansu na tsohuwar unguwar Zangouettin. A cikin wasan akwai tabon takobi na mayaƙa. Ya yi ta matsar da shi, yana rage tsawonsa, har ya zauna daidai kan girar.

Duk da haka bai daina ƙorafi ba. Akwai dandalin da 'yan wasan ke rubutu, yakan zauna ya zuba musu doguwar Faransanci, ya karanta wa Hadiyya da ƙarfi, ita kuwa tana tsinkar zogale tana cewa, "Wa zai saurare ka, ɗan Zango?"

Ranar da ya gama, ya kai wa mahaifiyarsu, Inna Indabo, tana zaune a kan tabarma tana jan carbi.

"Inna, gaishe da baƙonki."

Ta kalli allon, ta kalle shi, ta sake kallon allon. "A'uzubillahi! Auta, wa ya saka ka a ciki?"

Ya danna wani wuri, mutumin ya juyo, ya ɗaga hannun dama, ya ɗan karkata kai. Inna ta ce wannan ba abin kirki ba ne, ta ce ya kawar mata da shi daga gabanta. Ya fara rufewa, ta riƙe masa hannu. "Tsaya. Sake sa shi ya yi."

A damina ta gaba Baha ya rasu. Ranar Alhamis da safe, a kan hanyarsa ta zuwa Zogona, motar yashi ta kwaso baburinsa a mahaɗar titi. Ba a kai da shi likita da rai ba. Yana da shekara ashirin da biyar.

Bayan sadakar arba'in, gidan ya koma mutum biyu. Hotunansa suna nan: na katin ɗan ƙasa, da wani na bikin 'yar kawunsu inda yake dariya ido a rufe, da kaɗan a wayar Hadiyya. Inna ta duba su har ta gaji. Wata Juma'a bayan la'asar ta ce, ba tare da ta kalli 'yar tata ba, "Ke, hoto ba ya juyowa. Wancan na cikin akwatin nasa yana nan?"

Hadiyya ba ta taɓa buga wasan ba. Abduljalil, wanda ƙungiyarsu ɗaya da Baha a wasan, shi ne ya zo ya nuna mata yadda ake shiga da yadda ake tafiyar da mutumin, ya kuma gaya wa 'yan ƙungiyarsu kada kowa ya yi masa magana in sun gan shi. Da allon ya buɗe, Baha yana tsaye a bakin wata tashar jiragen ruwa, inda ya bar kansa daren ƙarshe, iska tana kaɗa masa riga. Inna ba ta yi kuka ba. Ta matso da tabarmarta.

Daga nan kowace Juma'a ta zama tasa. Inna ce ke ba da umarni. "Sa shi ya zauna, ya gaji." "Kai shi wajen ruwan nan." "Kar ki bi da shi ta wurin masu faɗa." Wani lokaci takan ba shi labarin unguwa, wa ya haihu, wa ya koma Kano, yadda aka ƙara dogon bene a filin da masallacinsu na dā yake. Hadiyya ta san malamai ba za su yaba ba, ita kanta takan ji wani abu a ranta. Amma Inna ta koma cin abinci sosai, ta koma dama zomkom, abin shan nan na garin gero, tana aika wa maƙwabta, sai Hadiyya ta ƙyale. Ita ma, in za a faɗi gaskiya, takan buɗe shi ranar da ba Juma'a ba, kafin ta fita kasuwa, ta juya shi sau ɗaya ta rufe.

Haka aka yi wata bakwai.

Wata Talata da safe ta buɗe, wasan ya ce ta jira, yana sabunta kansa. Ta jira har ta makara. Da yamma ta sake buɗewa, ba tashar jiragen ruwa, ba Baha. Wani mutum ne tsaye a cikin farin ɗaki, ba gashi, ba gira, fuskarsa sumul kamar gunkin da ake rataya wa riga a shago. A sama sunan yana nan, BahaZango. A gefe akwai doguwar sanarwa.

Ta karanta sau uku. Masu wasan suna godiya ga duk waɗanda suka yi shekaru suna rubuto musu. Sun ji, sun gyara. Yanzu akwai launin fata arba'in, da kitso, da gashi irin na mutanen Afirka kala-kala. Saboda sabon tsarin ba ya tafiya da tsohon, an share duk tsofaffin fuskoki. Kowa zai zaɓi ɗaya daga cikin fuskoki goma sha biyu da ƙwararru suka zana. An ba da wata guda, wanda bai zaɓa ba wasan zai zaɓa masa.

Washegari ba ta je shago ba. Ta sa ordinatar a jaka ta hau babur zuwa Zogona. Abduljalil yana cikin ɗalibai, injin fotokofi yana ta gurnani. Da ya ga fuskarta ya bar wa abokin aikinsa, ya jawo mata kujera.

"Na sani, Yaya. Jiya na so in kira ki, na rasa ta inda zan fara."

"Ina layukan da ake ja?"

"Sun cire."

"Tabon fa?"

"Akwai tabo uku. Kumatu, haɓa, goshi. Ba a matsar da su."

"To ka dawo da tsohon. Kai ka san kan abin nan."

Ya girgiza kai. "Ba a cikin ordinatar yake ba, Yaya. A wurinsu yake, can ƙasarsu. Abin da suka share ya tafi."

Ya buɗe mata dandalin. Mutane dubbai suna ta zage-zage cikin harsuna, kowa yana kukan fuskarsa: wani ya ce shekara shida yana tare da mutuminsa, wata ta ce yanzu in ta shiga kasuwar wasan kowa ɗan'uwan kowa ne, fuska ɗaya riga daban. Wasu kuma suna murna, suna ɗora hoton sabon kitsonsu, suna cewa yau ne suka fara ganin kansu. Abduljalil ya gangara ƙasan sanarwar, ya nuna mata da yatsa. An jera sunayen 'yan wasa kusan talatin waɗanda aka ce rubutunsu ne ya kawo gyaran. Na tara shi ne BahaZango.

"Sun saurare shi," in ji Abduljalil a hankali. "Da yana nan da ya yi ta tsalle a kan fatar nan. Garin neman gira aka rasa ido."

Hadiyya ta tambaye shi ko yana da hoton mutumin na dā. Ya bincika wayarsa, ya samo guda ɗaya da ƙungiyarsu ta ɗauka bayan wani yaƙi. Baha yana can baya, sanye da hular ƙarfe da ta rufe har hanci. Ita kuwa wata bakwai tana kallonsa, bai taɓa faɗo mata ta ɗauki hoton allon ba. Abin da ke gabanka kullum, wa zai ce maka ka adana shi?

Tare suka rubuta wa masu wasan. Ta faɗi komai, hatsarin, da Inna, da Juma'a. Ba ta roƙi a dawo da shi ba, ta ce ko hoto ɗaya ne a turo mata. Kafin ta kai gida amsa ta zo: ana godiya da sha'awarta ga wasan, ana fatan za ta ji daɗin sababbin launuka arba'in. Ta sake rubutawa sau biyu, amsar ba ta canza ko wasali ba.

Juma'ar farko ta ce wa Inna koneksiyon ɗin intanet ne babu. Inna ta ce Allah ya kawo. Juma'a ta biyu Allah ya taimake ta aka ɗauke wuta tun hantsi, ta ce batir ya mutu. A tsakanin nan kowace safiya tana fama. Fatar ba ta ba ta wahala ba, ta ashirin da shida tasa ce sak, har da ɗan jan da ke fitowa in rana ta doke shi. Akwai ma askin da yake yi kafin ya fara aske kai. Amma fuskokin nan goma sha biyu duk kyawawa ne, hanci a miƙe, haɓa a daidaita, kunnuwa a kwance. Baha ba kyakkyawa ba ne irin wannan. Kunnuwansa a waje suke, leɓensa na ƙasa ya fi na sama, idonsa na dama ya ɗan fi ƙanƙanta. Ta ɗora fatarsa a kan kowace fuska, ta sami baƙi goma sha biyu masu launin ƙaninta.

Juma'a ta uku Inna ta shimfiɗa tabarma tun kafin a kira la'asar. Da aka idar ta ce, "Yau akwai wuta, na ji firij yana aiki."

Hadiyya ta zauna kusa da ita ta faɗa mata gaskiya. Inna ta saurara har ƙarshe.

"Su waye suka share shi?"

"Masu wasan, Inna."

"Sun san shi ne?"

"A'a."

"To me ya yi musu?"

Hadiyya ta buɗe ordinatar, ta ce ko za su gwada tare, wataƙila idon uwa ya ga abin da nata bai gani ba. Ta ɗauko hoton katin ta jingina a gefen allon. Suka fara bi ɗaya bayan ɗaya.

A ta huɗu Inna ta ce a wuce. A ta bakwai ta ɗaga hannu. "Tsaya. Goshin nan nasa ne."

"Inna, goshinsa bai kai haka faɗi ba. Dubi hoton."

"Hoton nan ai bai yi kama da shi ba, tun ranar da aka ɗauka na faɗa. Ni na haife shi. Sa masa tabon."

Ta sa na goshin. Ya fito a tsakiya, dogo, kamar an sare shi da adda. Inna ta kawar da kai. "Cire, cire." Suka koma ta biyu saboda bakin, suka koma ta goma saboda idon, suka sake dawowa ta bakwai. Inna ta ce hancin Auta ya fi wannan tsawo. Hadiyya ta ce gajere ne, mai faɗi, irin na Baba. Inna ta ce ba irin na Baba ba ne, irin na dangin uwarta ne. Murya ta fara tashi. Hadiyya ta ji kanta tana cewa, "Wata huɗu ina kallonsa yana gyara hancin nan, na fi ki sani," sai ta kama bakinta.

Inna ba ta yi fushi ba. Ta rufe ido, ta daɗe a haka, leɓunanta suna motsi kaɗan. Da ta buɗe, muryarta ta sauka.

"Dā in na rufe ido ina ganinsa. Yanzu na rufe, waɗannan nake gani. Wannan ya zo, wancan ya zo." Ta dafa ƙasa ta miƙe. "Rufe abin nan. Kin sa na kalli 'ya'yan mutane har sun shige mini gaba."

Ta naɗe tabarmar ta shiga ɗaki.

Hadiyya ta zauna a wurin har aka kira magariba. Ita ma ta gwada rufe idon. Girar tana nan, kunnuwan suna nan, dariyar tana nan in ta saurara. Tsakiyar fuskar ce ta ƙi tsayawa. Ta ɗauki hoton katin ta ƙura masa ido, ta ga wani saurayi da aka ce kada ya yi murmushi, ya kuma bi umarni.

Ba ta zaɓi kowace fuska ba. Da watan ya cika wasan ya zaɓa da kansa, ba ta ma buɗe ta ga wacce ba. Inna ta daina zomkom. Ranar Juma'a bayan la'asar takan zauna a ɗaki da rediyo, ba ta sake tambaya ba, ba ta kuma sake ambaton abin da ya faru ba. Da ta yi faɗa da ya fi wa Hadiyya sauƙi.

Ordinatar ta zame mata kaya a ɗaki. Ta mayar wa Abduljalil, ta ce ya yi aikin shago da ita. Ya karɓa, sannan ya ce mutumin Baha yana da ƙarfi sosai a wasan, wata da watanni aka yi ana gina shi, ƙungiyarsu kuma ta rasa mai tsaya mata tun da ya tafi. Ko za ta yarda wani ya riƙa shiga da shi?

"Ku yi yadda kuka ga dama," ta ce. "Suna kawai za ku cire."

"Ba a canza suna, Yaya. Fuska ce kaɗai ake sayen canjinta."

Ta ɗauki jakarta ta fita.

Bayan wata biyu aka nemi kofi uku na takardar rasuwar Baha wajen rufe wasu takardunsa na aiki. Akwai masu fotokofi a kusa da kasuwa, amma ba ta so baƙo ya karanta, sai ta tafi Zogona. Abduljalil ya karɓi takardar da hannu biyu ya juya wurin injin. A kusurwar shagon wata ɗaliba tana zaune gaban ordinatar da Hadiyya ta sani, kunne a toshe da abin sauraro, tana dannawa da sauri. A allon wani dogon mutum fari sol, gashinsa kore har gadon baya, yana tsalle yana sara da takubba biyu. Sunan yana yawo a saman kansa duk inda ya yi.

Ɗalibar ta ji mutum a bayanta, ta cire abin kunnen. "Bonjur, Tanti. Kina bugawa ne?"

"A'a."

"Wannan ya fi kowa ƙarfi a ƙungiyarmu. Ni na yi masa gashin, ya yi kyau ko?"

Abduljalil ya juyo da sauri ya kira sunan yarinyar. "Shahida."

"Bar ta," in ji Hadiyya. Ta dubi yarinyar, fuskarta cike da jin daɗi, ba ta san komai ba. "Ya yi kyau."

Ta karɓi takardunta, da ɗuminsu, ta sa a jaka. Abduljalil ya raka ta har wurin babur yana ta ba da haƙuri, yana cewa zai hana, zai rufe shi gaba ɗaya in tana so. Ta ce ya bar su su yi wasansu, ba wanda aka cuta.

Ta biyo ta unguwar Peuloghin, ta wuce dogayen benayen da filayen da aka kewaye da kwano, ta shiga lungunsu. Inna tana tsakar gida tana tsintar shinkafa a faranti. Ta ɗago ta dube ta.

"Kin samo takardun?"

"Na samo."

"Yaron nan Abduljalil yana lafiya?"

"Yana gaishe ki."

Inna ta mayar da kanta kan farantin. Hadiyya ta jingine babur, ta ɗebo ruwa ta wanke hannu, ta zauna a gefenta ta jawo rabin shinkafar gabanta. Suka yi ta tsinta har hasken ya gaza musu.